Jimi Hendrix: Makaɗin da ya mallaki sautinsa, bai mallaki guminsa ba

Da tsakar dare, wayewar garin 31 ga Agusta, 1970, Jimi Hendrix yana tsaye a kan dandamalin bikin kaɗe-kaɗe na tsibirin Wight da ke kudancin Ingila, gaban ɗaruruwan dubban mutane. Yana tsakiyar kiɗan nan nasa na yaƙi mai suna Machine Gun sai ga muryoyin wasu mutane suna fitowa daga lasifikokinsa. Jami'an tsaron filin ne ke magana da junansu ta oba-oba, wayoyinsa da na'urorinsa suka kamo maganar tamkar eriya, suka ƙara mata ƙarfi, suka watsa wa jama'a. Kayan sun yi ta ba shi wahala a daren, amma bai ajiye jitar ba. Ya ci gaba da kiɗa, muryoyin na shiga suna fita a tsakanin ƙarar bindigogin da yake kwaikwayo, har wanda ya saurari faifan a yau yana iya zaton da gangan aka saka su. Kwana 18 bayan wannan dare ya rasu, yana da shekara 27.

Shekara huɗu kacal ya yi a idon duniya, kuma duk ya yi su ne yana kokawa da kayan aikin da ba su da tabbas. Abin da ya bambanta shi da sauran makaɗan zamaninsa shi ne ya san lahanin da ake kawarwa, ya kuma san wanda ake ɗaura wa linzami a hau. Da wannan sani ya mallaki sautinsa mallakar da ba a taɓa gani ba. Takardun da ya sa wa hannu kuwa, waɗanda suka yanke wa zai ci moriyar wannan sauti, sun fi ƙarfinsa har ya koma ga Mahaliccinsa.

Yaron da ya fara da tsintsiya

An haife shi ranar 27 ga Nuwamba, 1942, a birnin Siyatil na jihar Washintan, can arewa maso yammacin Amurka. Mahaifinsa, Al Hendrix, yana bakin aikin soja a lokacin, bai ɗora ido a kan ɗansa ba sai bayan an gama yaƙin duniya na biyu. Mahaifiyarsa Lucille ce ta sa masa suna Johnny Allen, uban kuma ya sauya shi zuwa James Marshall a 1946. Gida ne na talauci da shan barasa da yawan faɗa. Auren ya mutu a 1951, aka miƙa wasu daga cikin ƙannensa ga hukuma ta nema musu masu riƙo, shi kuwa ya taso yana yawo tsakanin ɗakunan haya da gidajen dangi da na maƙwabta. Lucille ta rasu a watan Fabrairun 1958, yana ɗan shekara 15.

Tun yana firamare aka lura yana rungume tsintsiya mai doguwar sanda yana kaɗa ta kamar jita. Daga baya ya tsinci wata 'yar ƙaramar jita mai tsirkiya ɗaya tak a cikin tarkacen da za a zubar, sannan a 1958 ya samu jita ta sosai a kan dala 5. Bai taɓa koyon karanta rubutun kiɗa ba. Kunne ne malaminsa: ya ɗora faifan Muddy Waters ko B.B. King ko Howlin' Wolf, ya saurara, ya bi sautin da yatsunsa har ya cim masa. Bahago ne, jitar da aka ƙera don bahago kuwa ba ta ɗan talaka ba ce, don haka ya kife ta masu hannun dama ya sake jera tsirkiyoyinta.

Da ya shiga ƙungiyar samari ta farko sai ya ci karo da matsalar da ta haifi jitar lantarki tun asali: ba a jin sa. Ganga da sauran kayan kiɗa sun danne jitar katako. A 1959 mahaifinsa ya saya masa ta lantarki, wata farar Supro Ozark, daga nan ya shiga duniyar da ya zauna a cikinta har ƙarshen rayuwarsa.

Cututtuka uku na jitar lantarki

Ba za a gane abin da ya yi ba sai an san yadda wannan jita ke aiki da kuma inda take ciwo. A ƙarƙashin tsirkiyoyin ƙarfe akwai maɗaukin sauti, wato maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai. Idan tsirkiya ta girgiza sai ta haifar da 'yar wuta kaɗan a cikin naɗin, waya ta kai ta ga amfilifaya, ita kuma ta ƙara mata ƙarfi ta tura wa lasifika. Sarƙa ce, duk mahaɗar da ta sami matsala sai kunne ya ji. Shi ya sa masu gyara ke bin ta daki-daki: a cire komai a haɗa jita da amfilifaya kai tsaye, a sauya waya, a sauya batir, sannan a riƙa mayar da sauran kayan ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya tona kansa.

Cuta ta farko ita ce ƙugi. Naɗin wayar ba ya bambanta girgizar tsirkiya da wutar da ke yawo a bangon gida da fitilu da taransifoma, duk yana kwasa. Sai a ji ƙugi marar yankewa, mai bugawa sau 60 a daƙiƙa a Amurka, sau 50 a Ingila kamar yadda yake a Najeriya da Nijar, kuma yana ƙaruwa idan wayar da ke sauke wuta zuwa ƙasa ta tsinke. A tsakiyar shekarun 1950 Seth Lover, injiniyan kamfanin Gibson, ya samo magani: naɗi biyu masu kishiyantar juna, ƙugin ɗaya ya kashe na ɗaya. Sai dai maganin yana rage wa sauti kaifi. Jitar Stratocaster da Leo Fender ya fitar a 1954 ta ci gaba da maɗauka uku masu naɗi ɗaya-ɗaya, da tsabar muryarta da kuma ƙuginta.

Ta biyu dishewa ce. Amfilifayoyin zamanin suna aiki da bawul na gilashi irin na tsohuwar rediyo, kowanne da iyakar abin da zai ɗauka. In aka wuce iyakar sai sautin ya fito a dishe, kamar muryar mai shela da ya yini yana zaga gari. A wurin injiniya wannan ɓarna ce. Makaɗa kuwa ta hanyar haɗari suka fara ɗanɗana ta. A 1951 aka naɗi kiɗan Rocket 88 a Memphis da amfilifayar da ta lalace a hanya. A faifan Marty Robbins mai suna Don't Worry, wanda ya fito a 1961, wani ɓangare na na'urar naɗin sauti ne ya samu matsala a Nashville, sautin ya fito a yayyage, masu saye suka so shi. Injiniyan wurin, Glenn Snoddy, ya ƙera ƙaramin akwati mai haifar da wannan lahani da gangan, Gibson ta fara sayar da shi a 1962 da sunan Maestro Fuzz-Tone.

Ta uku kururuwa ce, wadda duk wanda ya taɓa zama a wurin taro makirufo ya matso kusa da lasifika ya san ta. Sautin da ya fita ya dawo ya girgiza jita, ta sake aika shi, ya yi ta zagaye yana ƙaruwa. Jitocin farko masu rami a ciki sun fi fama da ita, wanda hakan na daga dalilan da suka sa maƙera irin su Fender suka koma ga katako marar rami. Kururuwar kuma iri biyu ce. Idan naɗin wayar ne ya saki yana rawa, tsuwa ce mai huda kunne wadda ba ta da amfani, maganinta a tsoma maɗaukin cikin narkakken kaki ya daskare. Idan kuwa tsirkiya ce ke amsawa, sautin yana da ma'auni, hannu na iya riƙe shi, ya lanƙwasa shi, ya sake shi lokacin da ya ga dama. A kan wannan bambanci Hendrix ya gina sunansa.

Soja, sannan yaron wasu

A 1961 'yan sanda suka kama shi sau biyu a cikin motocin sata, aka ba shi zaɓi tsakanin kurkuku da aikin soja. Ya shiga soja ranar 31 ga Mayu, aka tura shi runduna ta 101 ta sojojin laima a barikin Fort Campbell da ke Kentucky. Bai yi sojan kirki ba, domin hankalinsa na kan jita, aka sallame shi a 1962. Ribar da ya ci a barikin ita ce haɗuwa da Billy Cox, mai kaɗa jitar bas, wanda ya zama abokinsa na tsawon rai.

Shekarun da suka biyo baya ya yi su ne a gidajen rawa na baƙaƙen fata da ake kira Chitlin' Circuit, a daidai lokacin da dokokin wariyar launin fata ke numfashinsu na ƙarshe a kudancin Amurka. Ya kaɗa wa Isley Brothers a 1964, ya kaɗa wa Little Richard a 1965, da wasu da dama. A nan ya koyi riƙe amo a bayan mawaƙi, ya kuma ɗauki dabarun burge 'yan kallo, kamar kaɗa jita da haƙori ko a bayan ƙeya, waɗanda tsofaffin makaɗan baƙaƙe suka daɗe suna yi. Bai cika daɗewa da ubangida ɗaya ba, domin ba mai son yaron da ke janye idon jama'a daga kansa. Sau da yawa yakan jinginar da jitarsa don ya sami na abinci.

A cikin wannan hali, a watan Oktoban 1965 a Niyok, ya sa hannu a yarjejeniyar shekara uku da wani mai shirya faifai, Ed Chalpin, a kan dala 1 da kashi 1 cikin 100 na abin da za a samu. Rashin sani ya fi dare duhu, amma yunwa ma tana da hannu a ciki. Takardar ta bi shi har kabari.

Landan, da aikin gyara

A 1966 yana kaɗawa a wani ƙaramin gidan shaƙatawa na unguwar Greenwich Village sai Chas Chandler, mai kaɗa bas na ƙungiyar Animals da ke shirin komawa harkar shirya faifai, ya gan shi. Ya kai shi Landan ranar 24 ga Satumba, aka haɗa shi da Turawa biyu, Noel Redding a bas da Mitch Mitchell a ganga, aka kafa Jimi Hendrix Experience. Cikin 'yan watanni manyan makaɗan Ingila, waɗanda su ma daga faifan baƙaƙen Amurka suka koyi sana'ar, suka riƙa cika gidajen rawa don kallon sa. Wasu jaridun ƙasar kuwa suka riƙa siffanta shi da mutumin daji.

A Landan ya haɗa kayan da aka san shi da su. Akwai amfilifayar Marshall mai ƙarfin wat 100, ƙirar Jim Marshall, tsohon mai kaɗa ganga wanda, abin mamaki, shi ma James Marshall ne sunansa. Irin wannan amfilifaya ba ta dishewa sai an ƙure ta, don haka Hendrix yakan murɗe maɓallanta har ƙarshe, ya mayar da ikon sarrafa sauti kan maɓallin da ke jikin jita. In ya rage shi kaɗan sauti ya washe, in ya buɗe ya yi ruri, duk ba tare da ya daina kiɗa ba.

Kifewar da ya yi wa Stratocaster ma ta sauya mata murya. Maɗaukin da ke kusa da jakin da tsirkiyoyi ke hawa a karkace Fender ya dasa shi, don sirara su ƙara kaifi, masu kauri su ƙara nauyi. Da aka kife jitar aka sake jeri sai lissafin ya juya: masu kauri suka sami kaifi, sirara suka yi laushi. Yakan kuma sassauta dukkan tsirkiyoyin da rabin mataki, abin da ke sauƙaƙa lanƙwasa su, ya kuma dace da muryarsa. Hatta murɗaɗɗiyar wayar da yake haɗa jita da ita tana da nata aiki, domin doguwar waya tana cinye wani abu daga kaifin sauti, Stratocaster da Marshall kuwa in sun haɗu kaifinsu kan yi yawa. Sandar ƙarfen da yake dannawa don sauti ya nutse ya taso ita ce ke yawan kwance masa saiti, shi ya sa a faya-fayan wasanninsa ake yawan jin sa yana gyara tsirkiya tsakanin waƙa da waƙa.

Sai ƙananan akwatunan da ake takawa da ƙafa. Fuzz Face, mai haifar da dishewa, taransista biyu ne a cikinsa, na farkon kuma da sinadarin jamaniyam aka yi su, wanda zafi ke sauya wa hali. Akwatin da ya yi daɗi da rana yana iya shaƙewa da dare a ƙarƙashin fitilun dandamali, biyu da suka fito daga masana'anta ɗaya ba sa yin sauti ɗaya, batir in ya yi rauni murya ta sauya, sannan in an haɗa shi da akwatin wah-wah wani lokaci sai su yi ta tsuwa saboda rashin jituwar wutarsu. Kuma duk abin da ya shigo yana ƙara masa ƙarfi, har da maganar rediyo, kamar yadda aka gani a tsibirin Wight.

A farkon 1967 ya haɗu da Roger Mayer, matashin injiniya da ke aikin binciken sauti da girgiza a ɗakin gwaji na rundunar ruwan Birtaniya. Mayer ya riƙa buɗe akwatunan, yana zaɓen taransista, yana sauya abin da ya kamata, har su yi abin da kunnen Hendrix ke nema. Shi ya ƙera Octavia, na'urar da ke ninka girgizar sauti ta ɗora masa wani siriri a sama, wadda ake ji a tsakiyar Purple Haze. A situdiyo kuma akwai Eddie Kramer, injiniya haifaffen Afirka ta Kudu, wanda ya sha ba da labarin yadda Hendrix ke kwatanta sautin da yake so da launuka, shi kuwa ya nemo hanyar samar da shi. Abin da 'yan kallo suka ɗauka hauka ne a kan dandamali, yawancinsa sakamakon awanni ne na gwaji da sauraro. Ya san inda zai tsaya a gaban lasifika, da kusurwar da zai juya jita, don kururuwa ta fito a kan sautin da ya zaɓa, yayin da sauran yatsunsa ke danne tsirkiyoyin da bai so su yi magana ba.

Kundinsa na farko, Are You Experienced, ya fito a watan Mayun 1967. Ranar 18 ga Yuni ya cinna wa jitarsa wuta a bikin Monterey da ke Kalifoniya, Amurka ta san ɗanta da ta ƙi kulawa. Wannan hoto ya ɗaga shi, ya kuma zame masa ƙaya, domin daga baya jama'a suka riƙa zuwa neman wuta da haƙori alhali shi kiɗa yake so su saurara.

Taken ƙasa a bakin lasifika

Hendrix bai fito a matsayin ɗan gwagwarmaya ba. Tsohon soja ne, kuma a farkon shahararsa bai nuna adawa da yaƙin Biyetnam ba. Amma zamanin bai bar kowa ya zauna a gefe ba. An kashe Martin Luther King ranar 4 ga Afrilu, 1968, washegari Hendrix ya hau dandamali a Newark ya yi dogon kiɗan makoki. Matsayinsa kuma mai wuya ne: baƙar fata da yawancin masu sauraronsa Turawa ne, gidajen rediyon baƙaƙe ba su cika sa faifansa ba, 'yan gwagwarmaya kuma suna matsa masa ya bayyana inda ya tsaya.

Amsar da ya fi bayarwa ta fito ne daga lasifika. Da safiyar Litinin, 18 ga Agusta, 1969, shi ya rufe bikin Woodstock, bayan mafi yawan jama'a sun watse sun bar fili cike da laka da shara. A shekarar Amurka tana da sojoji fiye da 500,000 a Biyetnam, tsohuwar rundunarsa ta 101 kuma ta yi asarar rayuka a gumurzun tudun da aka laƙaba wa Hamburger Hill a watan Mayu. Ya ɗauko taken ƙasar Amurka ya fara shi tsaf. Da ya iso wurin da taken ke ambaton rokoki da bama-bamai sai ya saki cututtukan nan uku gaba ɗaya. Dishewa ta zama fashewa, kururuwa ta zama jiniya da ihun mutane, sandar ƙarfe ta zama jirgin da ke sulmiyowa ƙasa. Ya sako ɗan busar da ake yi wa sojan da ya mutu, sannan ya koma ya ƙarasa taken. Ba ranar ya fara kaɗa shi haka ba, amma ranar ce aka ɗauka a fim. Da aka tambaye shi a talabijin bayan 'yan makonni, ya ƙi yarda cewa ya saɓa wa al'ada, ya nuna shi kyau ya gani a abin, ya kuma tuna musu cewa shi ma ɗan ƙasa ne. Har yau ana jayayya ko zanga-zanga ce ko ƙauna, kuma mai yiwuwa duka biyun ne.

A watan Satumba ya yi wasan tallafi a kan titi a Harlem, inda tarbar da ya samu daga 'yan'uwansa baƙaƙe ba ta yi zafi ba. A daren shiga 1970 ya fito a zauren Fillmore East na Niyok da sabuwar ƙungiya ta baƙaƙe zalla, Band of Gypsys, tare da Billy Cox da mai ganga Buddy Miles. A wasannin nan ya kaɗa Machine Gun na kimanin minti 12, ya sadaukar da shi ga masu faɗa a titunan biranen Amurka da kuma sojojin da ke Biyetnam, wato ya sa yaƙin gida da na waje a ma'auni ɗaya.

Kura da shan bugu

Wannan kundi na Band of Gypsys, wanda ake lissafa shi cikin mafi ƙarfin ayyukansa, biyan bashi ne. Da Hendrix ya shahara sai Chalpin ya fito da takardar dala 1, ya kai ƙara, ya kuma riƙa fitar da tsofaffin naɗe-naɗen da Hendrix ya yi a matsayin yaron wani, da sunansa a manne a gaba. Sulhun da aka yi ya tilasta a ba shi sabon kundi guda, shi ne wanda ya fito a watan Maris na 1970. A ɗaya ɓangaren kuma manajansa Michael Jeffery yana bi da kuɗaɗen ta wani kamfani mai suna Yameta da aka yi wa rajista a tsibiran Bahamas, makaɗan ba su taɓa samun cikakken bayanin abin da ya shiga da abin da ya fita ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Neman sautin da ke kansa ma yana da tsada. A aikin kundi na uku, Electric Ladyland, wanda ya kai matsayi na ɗaya a Amurka a 1968, an maimaita naɗin waƙa guda fiye da sau 40, har Chandler ya gaji ya janye. Kuɗin hayar situdiyo ya yi yawa, sai aka yanke shawarar ya gina nasa. Electric Lady, a Greenwich Village, ya ci kusan dala miliyan 1, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya kawo wa ginin cikas, aka ciwo rance daga kamfanin faifai, rabin mallakar kuma ta Jeffery ce. Don a biya kuɗin dole ya ci gaba da yawon wasanni ko da ya gaji. Ga shari'ar miyagun ƙwayoyi da aka kama shi da su a filin jirgin Toronto a watan Mayun 1969, wadda aka wanke shi a Disamba, ga rabuwar Experience a watan Yuni, ga shaye-shaye da rashin barci da suka riƙa cin jikinsa.

An yi bikin buɗe situdiyon ranar 26 ga Agusta, 1970. Wuri ne da aka tsara don kunnensa, inda ba mai duba masa agogo. Makonni kaɗan ya yi aiki a ciki. Bayan bikin ya tashi zuwa Ingila don wasan tsibirin Wight, bai sake taka shi ba.

Abin da ya bari

Wasansa na ƙarshe ya yi shi ne a tsibirin Fehmarn na Jamus ranar 6 ga Satumba. Ranar 18 ga watan ya rasu a Landan, bayan ya sha ƙwayoyin barci fiye da ƙima, amai ya shaƙe shi. Mai binciken musabbabin mutuwa bai sami hujjar da za ta nuna ganganci ba, ya bar hukuncin a buɗe. An binne shi ranar 1 ga Oktoba a Renton, kusa da Siyatil.

Bayansa lahanin da injiniyoyi suka yi shekaru suna yaƙa ya zama kaya a kasuwa. Masana'antu na ƙera akwatunan dishewa iri-iri, manhajojin kwamfuta na kwaikwayon bawul da aka ƙure, masu sana'a na farautar tsofaffin taransistan jamaniyam da a da ake zubarwa. Sautin ya kuma ketare Sahara. Bombino, makaɗin Abzinawa na Agadas, ya ba da labarin yadda ya koyi wani abu daga bidiyon Hendrix yana yaro ɗan gudun hijira a Aljeriya da Libiya, a cikin al'ummar da jitar lantarki ta zama muryar tawaye da kewar gida.

Hendrix bai bar wasiyya ba. Gadonsa ya faɗa hannun mahaifinsa, wanda ya daɗe yana aikin gyaran lambunan mutane, kuma cikin 'yan shekaru ikon kula da kaɗe-kaɗen ya suɓuce zuwa hannun lauyoyi da kamfanoni, aka yi ta fitar da kundaye da sunansa, har da waɗanda aka goge makaɗansa na asali aka ɗora wasu. Sai a 1995, bayan doguwar shari'ar da Paul Allen, ɗan Siyatil kuma ɗaya daga waɗanda suka kafa Microsoft, ya tallafa da kuɗi, iyalin suka karɓo haƙƙin mallakar. Shekara 25 ke nan bayan rasuwar mai aikin, shekara 30 bayan ranar da ya karɓi dala 1 ya sa hannu.